Ilmin Hikima a Ƙasar Sakkwato: Labarin Abdulƙadir Ɗan Tafa

Wanda duk ya tashi daga birnin Sakkwato ya bi hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, ba zai yi nisa ba sai ya iske Boɗinga, kusa da ita kuwa ga Sifawa, in ya ƙara gaba ya faɗa ƙasar Shagari. Garuruwa ne na manoma da makiyaya, wanda bai san tarihi ba sai ya wuce su bai ko waiwaya ba. Amma a wannan ɗan yanki ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815, shi a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga, almajirai na kai da kawowa tsakaninsu. Cikin waɗannan 'yan shekaru aka rubuta littattafai da dama waɗanda har yanzu ana karanta su a zaurukan malamai.

Masu ba da labarin Jihadi galibi sun fi tsayawa wajen yaƙi, su ambaci Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa da cin Alƙalawa cikin 1808. Waɗanda suka zarce zuwa ga littattafai kuwa sukan tsaya ga fiƙihu da tauhidi da sha'anin mulki. Akwai wani fanni da ba a cika ambatonsa ba, watau ilmin da Larabawa ke kira falsafa ko hikima, tare da zurfin sufanci wanda ke binciken asalin samuwa da dangantakar Mahalicci da halittarsa. Mutumin da ya fi kowa nutsewa cikin wannan kogi a daular Sakkwato shi ne jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Malam Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. Ba a gane girman aikinsa sai an koma baya an ga inda ilmin ya fito, da hannuwan da ya bi, da rigimar da ta riƙa binsa ko'ina ya sauka.

Mafarin al'amarin

A zamanin halifofin Abbasiyawa a Bagadaza, musamman zamanin Ma'amun wanda ya yi sarauta daga 813 zuwa 833, aka juya littattafan Yunanawa masu yawa zuwa Larabci, na magani da lissafi da taurari, da na hikima irin na Arisɗo da Aflaɗun. Da yawa daga cikin masu juyawar Kirista ne, shahararrensu Hunainu ɗan Is'haƙu wanda ya rasu cikin 873. Malaman Musulmi suka karɓi ilmin suka yi gini a kansa, tun daga Alkindi, sa'an nan Alfarabi wanda ya rasu cikin 950, har Ibnu Sina wanda ya rasu cikin 1037. Tambayoyin da suka dame su manya ne. Shin duniya tana da farko, ko kuwa tun fil'azal take? Mene ne ruhu, kuma yana wanzuwa bayan jiki ya lalace? Ina ne iyakar abin da hankali ke iya kaiwa shi kaɗai, ina ne kuma ba shi da ja-gora sai wahayi?

Ba kowane malami ya yarda da amsoshin da suka bayar ba. Imamu Gazali ya rubuta littafin Tahafutul Falasifa, ya bi su mas'ala 20 yana warware hujjojinsu, ya ce cikin 3 sun fita daga addini: cewarsu duniya ba ta da farko, da cewarsu Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikuna ranar ƙiyama. Duk da haka Gazali bai watsar da kayan aikinsu ba. Ya riƙe ilmin manɗiƙi, watau ƙa'idojin auna hujja, har ya rubuta littafi a kansa ya sa masa suna Mi'iyarul Ilmi, ma'aunin ilmi ke nan. Dab da rasuwarsa cikin 1111 kuma ya rubuta Iljamul Awam, inda ya yi gargaɗi kada a jefa jama'ar da ba su yi karatu ba cikin gardamar tauhidi.

Can yamma a Andalus, alƙalin Ƙurɗuba Ibnu Rushdi, mai littafin Bidayatul Mujtahid wanda malaman Malikiyya ke karantawa har yau, ya mai da wa Gazali martani. Ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, abin da hankali ya tabbatar da hujja yankakkiya ba zai saɓa wa shari'a ba. Amma shi ma ya gindaya sharaɗi, ya ce bai halatta a baza zurfin tawili ga wanda bai kai ba. Wannan bai tserar da shi ba, gama cikin 1195 sarkin Muwahhidawa ya kore shi daga Ƙurɗuba, aka ƙone waɗansu littattafansa, ya rasu a Marrakush cikin 1198.

Yahudawa da Musulmi a rijiya ɗaya

A waɗannan ƙarnuka yawancin Yahudawan duniya suna zaune ne cikin ƙasashen Musulmi, da Larabci suke ciniki, da shi kuma suke rubuta ilminsu, sai dai sukan rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Tambayar da ta dami Musulmi ita ta dame su, domin su ma masu littafi ne da shari'a. Sa'idu Alfayyumi, mutumin Masar wanda ya shugabanci makarantar Yahudawa a Iraƙi ya rasu cikin 942, ya juya Attaura zuwa Larabci, ya kuma kare addininsa da irin hujjojin malaman kalamu na Musulmi. A Saraƙusɗa ta Andalus, wajen 1080, Bahya ɗan Baƙuda ya rubuta littafi a kan farillan zuciya, irin su ikhlasi da tawakkali da tuba da zuhudu, wanda duk ya san littattafan sufaye in ya duba shi zai ga inda aka ɗebo ruwan.

Babbansu duka shi ne Musa ɗan Maimun. A Ƙurɗuba aka haife shi, garin Ibnu Rushdi, wajen 1138. Tsananin Muwahhidawa ya sa iyayensa suka yi ƙaura, suka zauna Fas, daga baya suka sauka Fusɗaɗ ta Masar, inda ya zama likita a fadar gidan Salahuddini, ya rasu cikin 1204. Wajen 1190 ya gama littafinsa Dalalatul Ha'irin, watau ja-gorar masu ruɗewa. Ya rubuta shi ne domin wani almajirinsa Yusufu, wanda ya karanta Attaura ya kuma karanta hikima, ya rasa yadda zai haɗa su. Musa ya girmama Alfarabi ƙwarai, ya kuma faɗa tun a farkon littafin cewa da gangan ya warwatsa maganarsa, don mai hankali ya tsinta ya haɗa, wanda bai kai ba kuwa ya wuce bai cutu ba. Wani malamin Musulmi, Tabrizi, ya yi sharhi a kan wani sashe na littafin. Amma cikin Yahudawa kansu rigima ta tashi a kansa, har aka ƙone littattafansa a kudancin Faransa wajen 1232. Ɗansa Ibrahim, wanda ya gaje shi a shugabancin Yahudawan Masar ya rasu cikin 1237, ya karkata ga hanyar sufaye, yana ganin sun riƙe waɗansu ɗabi'un annabawan Bani Isra'ila waɗanda mutanensa suka sake.

A wannan zamani ne kuma aka yi Muhyiddini Ibnu Arabi, wanda aka haifa a Mursiya ta Andalus cikin 1165 ya rasu a Dimashƙa cikin 1240. Ya ga Ibnu Rushdi yana yaro. Shi ya ɗauki kalmomin masu hikima ya zuba su cikin ma'anonin sufaye, ya ce sanin haƙiƙa yana zuwa ne ta hanyar kashafi, watau yaye labulen zuciya bayan tsarkake ta. Bayansa da kamar shekara 150 Abdulkarimu Aljili ya tattara wannan koyarwa cikin littafin Insanul Kamil, inda ya bayyana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne cikakken madubin da sunayen Allah da siffofinsa suka bayyana a cikinsa.

Yadda ilmin ya ƙetaro Hamada

Littattafai sun bi raƙuma kamar yadda gishiri da tufafi suka bi. Kayan aikin masu hikima sun shigo ƙasar Hausa ta ƙofar tauhidi. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu cikin 1490, ya gina ɗan littafinsa Ummul Barahin a kan hukuncin hankali kashi 3, wajibi da mustahili da ja'izi, sa'an nan ya kawo siffofin Allah 20 da hujjojinsu. Malamin nan kuma da kowane almajiri ya sani da littafin Ahalari na tsarki da salla, shi ne ya tsara waƙar Sullamu a kan manɗiƙi. Saboda haka yaron da ya fara da Ahalari, in Allah ya ja zamaninsa a karatu, hannun malami ɗaya ne zai kai shi har ƙofar Arisɗo.

Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya kuma sauka Katsina, yana da hannu biyu cikin wannan labari. Kafin zuwansa, a Tuwat, shi ya ta da fitina a kan Yahudawan wurin, har aka rushe majami'arsu wajen 1492, ko da yake alƙalin garin da waɗansu malamai sun saɓa masa. Shi ne kuma ya tsaya ya kare manɗiƙi sa'ad da Imamu Suyuɗi na Masar ya hana karanta shi. Hujjar Suyuɗi ita ce ilmi ne na kafirai. Magili ya amsa masa da waƙa, abin da ya nufa kuwa shi ne a karɓi gaskiya daga bakin duk wanda ya zo da ita, a auna mutane da gaskiya, kada a auna gaskiya da mutane. Mutum ɗaya ke nan ya buɗe wa littafin baƙo ƙofa, ya rufe ta ga baƙon da ke maƙwabtaka da shi.

Da tafiya ta yi tafiya sai wannan ilmi ya haifi wata fitina a ƙasar Hausa. Waɗansu ɗalibai da suka haddace Sanusi da sharhinsa na Fulatanci da ake kira Kabbe, suka shiga tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujjar hankali sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu Usmanu ya yaƙi wannan ra'ayi da littattafai masu yawa tun yana Degel. Ya ce wanda ya furta shahada ya tsai da salla Musulmi ne, ba a tone zuciyarsa, kuma ayoyin Alƙur'ani sun ishi mumini hujja. Wannan darasi ya zauna daram a gidan Shehu, za a kuwa ga alamarsa a rayuwar jikansa.

Shekarun Sifawa da Boɗinga

Bayan cin Alƙalawa ƙura ta ɗan lafa. Shehu ya tashi daga Gwandu ya sauka Sifawa, ya bar yawancin sha'anin mulki ga ƙanensa da ɗansa. Cikin 1812 ya raba musu kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello, shi kuwa ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu. A wannan lokaci ya rubuta Hisnul Afham, yana rushe ruɗe-ruɗen da suka shiga kawunan ɗalibai, da Najmul Ikhwan, inda ya nuna cewa saɓanin malamai rahama ne, ya kuma hori mutane su karanta littattafan malaman zamaninsu don su suka fi sanin halin da ake ciki. Malam Abdullahi shi ma bai ajiye alƙalami ba. Cikin 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya lissafta malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu. Cikin 1813 ya tattara waƙoƙinsa da labarin Jihadi cikin Tazyinul Waraƙati, wajen 1815 kuma ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Tawili.

Su duka Ƙadirawa ne, masu wuridi da halwa. A cikin Fathul Basa'iri Shehu ya kasa sufanci kashi 2. Na farko shi ne na gyaran hali, watau wanke zuciya daga girman kai da hassada da riya, da ƙawata ta da tuba da haƙuri da tawakkali, wannan kuwa ya hau kan kowa. Na biyu shi ne na tabbatar da haƙiƙa, wanda ya keɓanta ga waɗanda suka kai. Shehu ya yi wa jama'a wa'azi da na farko cikin Hausa da Fulatanci. Na biyun kuwa ya zauna cikin 'yan mutane kaɗan, daga cikinsu har da ɗansa Muhammadu Sambo, mutum mai gudun duniya, wanda bai nemi sarauta ba har ya rasu cikin 1826.

Ɗan Tafa da littattafansa

An haifi Abdulƙadir cikin 1804, shekarar da jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Uwarsa Hadiza 'yar Shehu ce, malama wadda ta juya Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci. Ubansa Malam Musɗafa, wanda ake kira Malam Tafa, magatakardan Shehu ne. Yana da shekara 6 sa'ad da kakansa ya sauka Sifawa, yana da 11 sa'ad da ya tashi zuwa Sakkwato, yana da 13 sa'ad da Shehu ya rasu cikin 1817. Ya buɗe ido ke nan a gidan da tawada ba ta bushewa. Wurin ubansa ya yi yawancin karatunsa, wurin kawunsa Muhammadu Sambo kuma ya karɓi hanyar sufaye da littattafan haƙiƙa. Malam Tafa ya kafa makaranta a Salame, arewa da Sakkwato a ƙasar Gwadabawa ta yanzu, Abdulƙadir ya gaje shi a kanta.

Mutane sun fi saninsa da tarihi. Bai daɗe da wuce shekara 20 ba ya rubuta Raulatul Afkari, inda ya kawo labarin sarakunan Gobir da maƙwabtansu kafin Jihadi, sa'an nan ya bi shekarun Jihadi ɗaya bayan ɗaya. A daidai waɗannan shekaru wani shahararren malamin hikima na Jamus, Hegel, yana karantar da ɗalibansa a Balin cewa baƙar fatar Afirka ba su da wani tarihi abin ambato. Basirar Ɗan Tafa wajen tantance labari ta fito fili sa'ad da Nuhu ɗan Ɗahiru na Masina ya baza takarda yana cewa wani tsohon littafin tarihi ya yi bushara da Shehu Ahmadu Lobbo, cewa shi ne halifa na 12 da aka yi alkawari. Ɗan Tafa ya auna maganar ya ƙi ta. Binciken masana na zamanin nan ya tabbatar cewa busharar ƙari ce aka cusa cikin littafin Tarihul Fattash a ƙarni na 19.

Amma zurfinsa yana wajen hikima. Tun yana saurayi ya tsara kalmomin sufaye cikin waƙa don sauƙin hadda. Ya rubuta Alkashfu wal Bayan yana warware wuraren da suka yi tsauri cikin Insanul Kamil na Aljili. Cikin Futuhatur Rabbaniyya ya auna maganganun masu cewa babu komai sai jiki da ɗabi'a, ya yi bincike a kan ruhu da falakai da ƙarewar duniya. Yana da Kulliyatul Alamis Sitta, a kan asulla 6 waɗanda duniya ta ginu a kansu. Cikin Shukrul Wahibi kuwa ya lissafta fannonin da Allah ya hore masa kashi-kashi: na shari'a da harshe, da na mutanen farko irin su manɗiƙi da lissafi da magani da taurari da hikima, da na sufaye, da na asirai. Kalmomin da Ibnu Sina ya yi aiki da su a Hamadan, Musa ɗan Maimun ya yi aiki da su a Fusɗaɗ, irin su hayula da sura da jauhari, su ne wannan malami ke juyawa a wani ƙauye na bakin daji a ƙasar Sakkwato. Kamannin da ke tsakaninsa da malaman Yahudawa na Andalus da Masar daga nan ya taso, rijiya ɗaya aka sha, ko da yake guga kowa da nasa.

Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya zo ƙasar Sakkwato cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sadu da Ɗan Tafa, ya ƙaru da shi a kan tarihin Songai da ƙasashen yamma, ya kuma rubuta cewa shi ne mafi ilmin mutanen Sakkwato na wannan tsara.

Alkawarin da ya ɗauka

Wajen ƙarshen rayuwarsa Ɗan Tafa ya rubuta wani ɗan littafi, Al'uhudu wal Mawasiƙu, inda ya jera alkawuran da ya ɗauka tsakaninsa da Ubangijinsa. Biyu daga cikinsu su ne mabuɗin sha'aninsa duka. Na ɗaya, ya yi alkawari zai gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, ba zai ɗora ta a kan hujjojin hankali da nazarin malaman kalamu ba. Na biyu, ya yi alkawari ba zai kira mutane zuwa ga abin da ya samu na falsafa da ilmin ɗabi'a ba, ko da yake shi ya karɓe su ta hanya mai kyau ya kuma zubar da kurakuran da ke ciki, don tsoron kada wani ya ɓace ta dalilinsa.

Wanda bai duba da kyau ba sai ya ce wannan tufka da warwara ce, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ilmi sa'an nan ya hana kansa yaɗa shi. Amma ya bi sawun magabata ne. Gazali ya ce a kame jama'a daga gardamar tauhidi, Ibnu Rushdi ya ce kada a baza tawili, Musa ɗan Maimun ya warwatsa maganarsa da gangan. Su duka sun ɗauki ilmi kamar magani, abin da ya warkar da wani ya kan kashe wani in aka ba shi fiye da ƙarfinsa. Ɗan Tafa yana da ƙarin dalili nasa na gida. Ya san irin ɓarnar da 'yan Kabbe suka yi da ɗan guntun manɗiƙin da suka samu, ya san wahalar da kakansa ya sha kafin ya kashe wannan wuta. Ga shi kuma daular sabuwa ce, Gobirawa da Kabawa ba su ajiye makamai ba, abin da ya riƙe jama'a wuri ɗaya shi ne aƙida mai sauƙi wadda manomi da makiyayi ke iya ɗauka. Jikan Shehu ba zai so a ce daga zaurensa rarrabuwa ta fito ba.

Sai dai kowane zaɓi da kuɗinsa. Ilmin da aka baza ko an ƙone littafi ɗaya akwai ɗari a waɗansu garuruwa. Littafin Ibnu Rushdi da na Musa ɗan Maimun sun sha wuta, amma da yake an juya su zuwa Ibrananci da Latin, sai suka rayu har suka shiga makarantun Turai. Littattafan Shehu na fiƙihu da wa'azi an kwafe su daga Gwandu har Adamawa. Na Ɗan Tafa na hikima kuwa 'yan almajirai kaɗan suka kwafa, yawancinsu suna wuri ɗaya. Ya rasu cikin 1864, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, 'yan shekaru kaɗan kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato cikin 1903, sojan Faransa da ke ratsa arewacin ƙasar suka ƙone Salame, littattafai da yawa suka tafi cikin wutar.

Waɗanda suka tono abin da ya saura

Abin da ya tsira ya daɗe a cikin gafakoki ba a san darajarsa ba. Wajen 1916 wani Baturen mulki, Palmer, ya juya Raulatul Afkari zuwa Turanci, amma ya jingina shi ga Muhammadu Bello, aka ɗauki aikin ɗa aka ba kawu. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya adana rubuce-rubucen malaman Jihadi masu yawa, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike, daga cikinsu har da Murray Last wanda littafinsa a kan daular Sakkwato ya fito cikin 1967. Ƙasar Shagari ita ma ta ba da nata. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin cikin 1925, malamin makaranta ne tun kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, cikin 1978 kuwa shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu, yadda ya tsara shi da yadda ya aikata shi. Shi Ɗan Tafa kansa, Dokta Ahmad Muhammad Kani ne ya tsaya a kansa, ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1980 a kan rayuwarsa da littattafansa. John Hunwick ya lissafta rubuce-rubucensa cikin babban kundin da ya fitar cikin 1995, daga baya kuma Oludamini Ogunnaike ya yi nazarin waƙoƙinsa na hikima ya nuna inda suka haɗu da koyarwar Ibnu Arabi.

Da wannan aiki aka gane cewa zancen da ake yi, wai falsafa ta mutu a ƙasashen Musulmi tun rasuwar Ibnu Rushdi, ba haka yake ba. Ta sake riga ne ta shiga cikin tauhidi da manɗiƙi da sufanci, ta bi ayari har ta kai gidan Shehu. Aka kuma gane cewa malaman Jihadi, bayan takobi da hukunci, sun yi tunani mai zurfi a kan wane ilmi ya dace da wa, da lokacin da ya kamata malami ya yi magana da lokacin da ya kamata ya kame bakinsa.

Yanzu zamani ya juya, ɗalibai suna karanta Arisɗo da Hegel a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, babu mai iya rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage shi ne kada su san hikimar kowa su jahilci ta gidansu. Har yanzu akwai tsofaffin takardu a hannun zuriyar malamai a Sakkwato da Gwandu da Wurno da Salame da garuruwan da ke kewaye, abokan gabansu kuwa gara ce da ɗigon damina da gobara. Masu iya karanta irin wannan Larabci da irin wannan rubutun hannu ba su da yawa, kuma tsufa na cim musu. Wanda ke da irin waɗannan takardu a gidansa, in ya kai su inda za a ɗauki hotonsu a adana, kamar Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, ya yi sadaka mai gudana, takardunsa kuma suna nan a hannunsa. Allah ya jiƙan Shehu da Malam Abdullahi da Abdulƙadir ɗan Tafa, ya amfane mu da abin da suka bari.